DARASI: Ina ungulayen mahautarmu suka tafi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Muna yara a nan Kiru, in an yanka sa ranar kasuwa, kafin a gama fiɗa ungulaye sun cika mahauta. Jiya bayan la'asar na tambayi ɗalibaina, yawancin ƙananan ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba. Tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Me ya jawo? Na farko, masu kai kawunanta wa bokaye, wanda ya haɗa shirka da zalunci. Na biyu, manyan bishiyoyin da take sheƙa a kai, irin su kuka da maɗaci, mun sare su. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi. Ita ce kuwa ke kwashe mana mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta.

To, a nan darasin yake. Ba a ceton dabba sai an ceci gidanta da abincinta da ruwan shanta gaba ɗaya. Ku dubi dajin Falgore da ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Ta cikinsa Kogin Kano ke bi ya zuba a dam ɗin Tiga da ke Bebeji, wanda aka kammala a 1974. Da ruwan nan ake noman rani a Kadawa da Kura. In aka mai da dajin gawayi, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya jibge a dam ɗin. Ka ga ke nan inuwar da gwanki ke kwanciya ita ce ke tsare ruwan mai tumatir.

Fiƙihunmu ya san wannan da sunan hima, wato fili da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Amma ku lura, Umar ya umarci mai gadin wurin ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga kiwo, ya tsare garken attajirai. Ma'ana, tsaron daji ba ya ɗorewa in an ƙuntata wa talaka. Dole a zauna da makiyayi da mafarauci da mai itace, a shata inda za a shiga da inda za a bari ya huta.

Abin da ke kanmu: kar mu sa wa daji wuta don neman ɓera, kar mu sayi sassan ungulu, wanda kuma ya sare bishiya a gonarsa ya dasa wata ya raine ta. Limamai 'yan uwana, mu shigar da wannan cikin huɗuba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wallahu a'alam.