Kafin Ka Ɗora Wa Tsohuwar 504 Injin V8

A 'yan shekarun nan wani sabon aiki ya fara shigowa garejinmu. Matasa ne ke janyo tsohuwar motar gidansu, galibi Peugeot 504 da ta daɗe a kafe a ƙofar gida, su miƙo mini waya: "Maigida, irin wannan nake so. A sa mata V8, a zaunar da ita ƙasa, a rage tsayin rufin." Sha'awar tana burge ni, don ta fi a kira 'yan gwangwan su auna motar a kilo. Sai dai ni da na koyi kanikanci a ƙarƙashin waɗannan motoci, na san akwai aikin da bidiyo ba ya nunawa, kuma rashinsa ne ke kai mutum asibiti.

Abin da suke gani shi ne Amurkawa ke kira hot rod. Ya faro ne a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, inda samari ke sayen tsofaffin Ford masu araha, Model T da Model A, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1932 kamfanin Ford ya fito da V8 da talaka zai iya saya, mai ƙarfin doki 65 kacal. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bunƙasa, mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, sannan a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a kwashe tsere daga kan titi a mai da shi filin da ake duba mota kafin a bar ta ta tashi. Su kansu masu abin sun ga gawa kafin su yi hankali. Ford ba ta sa birkin mai a motocinta ba sai a 1939, shi ya sa masu haɗa ta 1932 ke cire birkinta na sanda su ɗauko na 1939 ko 1940 su ɗaura.

Ga inda bambancin yake. Ford ɗin nan shasinta daban, bodinta daban. Kana iya kwance ƙusoshi ka ɗage bodin ka ajiye gefe, ka ƙarfafa shasi da walda yadda kake so, ka yanke rufi, ƙashin motar na nan. Salun ɗin 504 ba haka aka ƙera ta ba. Tun fitowarta a 1968 har zuwa waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, bodinta shi ne shasinta. Kamar ƙwarya take, ƙarfinta a cikar zagayenta yake. Ka yanke ginshiƙan rufi ba tare da ka gina mata wani ƙarfe a ciki ba, to ranar da ta kife rufin zai sauko ya tarar da kai. Wannan aiki ba na karɓarsa ko nawa za a biya.

Don haka ranar farko ba na buɗe bonet. Mota nake ɗagawa in shiga ƙasa da sukuddireba da maganaɗisu. Ina soka ƙasan ƙofofi, daɓen da ke ƙarƙashin kafet, mazaunin shok na gaba, da ramin but. Inda sukuddireba ta shige, tsatsa ta gama da wurin. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, fila ce wani fanel bita ya cusa ya shafe da fenti. Motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Katsina takan fi wadda ta sha iskar teku a Legas lafiyar ƙarfe, amma ita kuma rana ta cinye mata duk wata roba. Ruɓaɓɓen wuri yanke shi ake yi, a sa sabon falanki mai kauri ɗaya da na asali, a yi walda. Aiki ne mai cin lokaci, ba ya kyau a hoto, kuma a nan kuɗin mutane da yawa ke ƙarewa saboda sun riga sun kai shi Ƙofar Ruwa ko Panteka sun sayo inji.

Shi injin, a duba lissafi. Na asalin 504 mai lita biyu bai kai doki 100 ba. V8 ɗin Lexus LS400 da ake yawan nema, mai lita huɗu, yana ba da wajen doki 250. Birki da aksil da sitiyarin da aka auna wa na farko su ake so su riƙe na biyu. Kuma tsayawa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: motar da ke kilomita 120 a awa tana bukatar ninki huɗu na tazarar da za ta tsaya a ciki in tana kilomita 60. Wagon da a-kori-kura ma birkin ganga ne a bayansu, wanda in ya ɗau zafi sai ka taka ka ji kamar ba komai. Man birki yana shan danshi daga iska, tsohonsa yana tafasa da wuri, saboda haka ni kan sauya shi duka, da robobin layi, da fayif ɗin da ya yi tsatsa, kafin a yi zancen ƙarin ƙarfi.

Akwai kuma wani abu na 504 da wanda bai taɓa kwance ta ba ba zai sani ba. Injinta a kishingiɗe yake, kuma farfelarta ba a fili take ba, tana cikin wani bututun ƙarfe da ya ƙulle giyabos da gidan giyar baya suka zama abu guda. Ka cire inji da giyabos, ka rushe wannan tsari gaba ɗaya. Sai ka ƙera sabon mazauni, sabuwar farfela, sau da yawa har da wani aksil. Na sha ganin motar da aka kawo daga wani gareji an ɗaura giyabos da guntun ƙarfen gini. Takan tashi, har ta yi ƙara mai daɗi.

Wuta ita ce ta fi ba ni tsoro. Kafireta mai take sha a hankali, amma inji mai injakta famfonsa yana tura fetur da ƙarfin da ya ninka na kafireta sau goma ko fiye. Tsohuwar robar mai ba za ta ɗauka ba, kuma in ta tsage a kan salansa mai zafi take feshi. Haɗa da wayoyin da suka shekara arba'in, bawonsu na marmashewa a hannu, wani riwaya kuma ya taɓa maye fis da zaren waya. Dole a sa sabon layin mai, sabuwar waya daga batir har fitilar baya, da abin kashe gobara a inda hannu zai kai. Lagireton asali ma ba zai iya da V8 a cunkoson watan Afrilu ba. Taya kuwa a karanta lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Zane mai zurfi ba shaida ba ce.

In mutum ya tambaye ni ra'ayina, nakan ce: "Ɗan'uwa, in injinta na asali na da rai, mu gyara shi." A sauya zobe da metal, a wanke kafireta, a sa mata birki da shok masu kyau, za ta kai ka Maiduguri ta dawo. Wanda ya nace sai ƙari, ina ba shi shawarar inji mai silinda huɗu na zamani wanda nauyinsa bai wuce na da ba sosai. V8 sai ga wanda ya yarda zai kashe a ƙasan motar fiye da abin da ya kashe a injin.

Duk wanda ya sauya inji ya riƙe rasit ɗin saye mai ɗauke da lambarsa, ya je ofishin lasisi a gyara takardun mota, haka ma in ya sauya launi. Tsohon injin kuma kada a sayar. A zuba masa baƙin mai a ramukan fulogi, a rufe shi da leda a ɗora a kan katako, domin mai neman 504 ta asali yakan fara tambayar ko injinta na nan.