Darasin Lissafi: Yadda Za a Rage Dogon Layi a Wurin Rigakafi

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya leƙa asibiti ranar rigakafi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, ya ga iyaye mata goye da jarirai a layi har rana ta take. Shi ma layi yana da lissafinsa. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Agner Erlang, ya fara shi a 1909, lokacin da yake nazarin cunkoson kiran tarho.

Ka'idar kamar madatsar ruwa ta Bakolori ce: in ruwan da ke shiga ya fi mai fita, sai ya taru.

Mu ɗauka mata 15 ke zuwa kowace awa. Ma'aikaciya ɗaya na ɗaukar minti 4 wajen awo da cike kati, minti 2 wajen allura. Minti 6 ke nan, wato mutum 10 a awa. Kowace awa layi na ƙaruwa da 5. Bayan awa 4, mata 20 na jira, ta ƙarshensu kuwa sai ta yi awa 2.

To, ina mafita?

1. A raba aiki. In wani ya karɓi awo da kati, za a sallami 15 a awa. Amma layi ba zai ƙare ba, domin mutane ba sa zuwa a tsare. Wani lokaci biyar za su shigo tare. Dole a bar rara. In mutum biyu na kati, ana iya sallamar 30.

2. Layi ɗaya ya riƙa ciyar da teburan katin biyu, don kada jinkirin mutum ɗaya ya tsare na bayansa.

3. A raba wa unguwanni lokaci: wasu ƙarfe 8, wasu ƙarfe 10.

Abin ba wasa ba ne. Ana yi wa jariri allura a mako na 6, na 10 da na 14, sannan ta ƙyanda a wata 9. Uwar da ta wuni a layi da yunwa tana iya ƙin komawa, yaron ya rasa kariya.

Gwada basirarka: mata 18 na zuwa a awa, ana sallamar 12. Nawa ke jira bayan awa 3? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya.