Darasi: Yadda Ake Samun Gurbin Karatun Lauya

'Yan'uwa, dattawan Bakura da Talata Mafara da Maradun ba su manta da shekarar 1980 ba. Aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya ci gonakin mutane, manoma suka tashi neman diyya, suka tare hanyoyi. A watan Afrilu 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka da yawa. Har yau maganar gona da gado da iyaka ita ce ke kai talaka kotu. Saboda haka ƙauye yana bukatar ɗansa wanda ya san doka. Kafin a fara darasin nan, a karanta Karin Magana 31:8-9.

1. Shiri tun daga sakandare

Yaro yakan rasa gurbi tun kafin ya zauna jarrabawa, domin bai zaɓi darussan da suka dace ba. Mai son lauya sai ya shiga ajin fasaha da adabi tun babbar sakandare aji ɗaya. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma lalle Turanci da Adabin Turanci su kasance ciki. Jami'o'i da yawa suna neman Lissafi ma. Iyaye, ku je makaranta ku tambaya ko akwai malamin Adabin Turanci. In babu, a nemi mai koya wa yaro da wuri.

2. Jarrabawar JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978 don ta tsara shiga jami'a. Ana rubuta darussa huɗu a kwamfuta, maki duka 400 ne. Mai neman lauya yakan ɗauki Turanci, Adabin Turanci, da wasu biyu kamar Ilimin Gwamnati da Ilimin Addini. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kan kowace takarda. Yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta ba, a kai shi ya gwada hannu kafin ranar.

3. Yadda ake zaɓe

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne, ko daga ina suke. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuwa na jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko ne, Zamfara kuma tana cikinsu. Wato ɗan Bakura da ya sa Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a zaɓinsa na farko yana da ƙofa uku. In ya zaɓi jami'a mai nisa a Kudu, ƙofar yanki ta rufe masa.

Amma a lura. Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban lauya da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun fi gurabe yawa ƙwarai. Shi ya sa makin da ya isa shiga wani fanni ba ya isa lauya. Jami'a kuma takan yi tata tantancewa bayan JAMB.

Tun 2017 kowane gurbi yana bi ta tsarin JAMB da ake kira CAPS, yaro ne zai shiga intanet ya karɓa da kansa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya sayo gurbi, a guje shi. Kada a sayar da sa ko buhun shinkafa saboda wannan.

4. Tsawon tafiya

Karatun digiri shekara biyar ne. Bayan haka sai shekara ɗaya a Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda take da reshe a Bagauda, jihar Kano. Sai an ci wannan ake zama lauya. Iyali su fara tanadi tun yanzu, kaɗan kaɗan a kowace kaka. 'Ya mace ma tana da hakki daidai da namiji.

Tambayoyi don tattaunawa

(a) Yara nawa ne a ikilisiyarmu da unguwarmu suke karanta Adabin Turanci?
(b) Yaya zumuntar mata da ta matasa za su taimaki ɗalibi guda har ya gama?
(c) Wace shari'ar gona ce a garinmu da sanin doka zai iya kashewa tun ba a je kotu ba?