Sake Daɓen Siminti Na Gareji A Ƙasa Mai Zafi Da Yawan Ruwa

Ko wace shekara, in damina ta ja baya, a kan sami manomi ko ɗan kasuwa ya buɗe garejinsa ya tarar da abin baƙin ciki. Buhunan masara na sama lafiya lau, na ƙasa kuwa sun yi hunhuna. Takin zamani ya dunƙule kamar dutse, galma ta yi tsatsa, gara ta fito ta wata tsaga ta cinye gindin buhu. Mai kaya ya ɗaga kai ya duba rufi, bai ga inda ya ke yoyo ba. Ashe ruwan daga ƙasa ya ɓullo.

Wannan ya fi aukuwa a wurare irin su Lakwaja, da Makurɗi, da Minna, da Kafanchan, inda ruwan shekara ya kan wuce inci 40, watau milimita 1,000, ga kuma zafi. A wurin manomi gareji ba ɗakin mota kaɗai ba ne. Nan a ke ajiye tarakta ko a-kori-kura, nan kuma a ke jibge amfanin gona har ya yi kuɗi. Saboda haka in daɓensa ya mutu, wahalar shekara guda tana cikin hatsari.

Hasarar kuwa ba ta tsaya ga kuɗi ba. Akwai wata irin hunhuna da ke kama gyaɗa da masara masu laima, tana haifar da dafi mai lalata hanta, wanda a ke kira afalatoksin. An gano shi ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila cikin 1960, don an ba su abinci mai garin gyaɗa da ta yi hunhuna. Cikin 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda irin wannan masara. Dafawa ba ta kashe wannan dafi.

Faci Ko Sakewa?

Ba ko wace tsaga ce ke sa a fasa daɓe ba. 'Yar siririyar tsaga wadda gefenta biyu ke daidai, a liƙe ta ya isa. Amma akwai alamu uku na daɓen da ya gama yayi. Na fari, gefe guda na tsagar ya fi ɗaya tudu, ko wani wuri ya lotsa yana tara ruwa. Na biyu, in an ƙwanƙwasa da guduma a ji yana ƙara kamar ganga, watau ƙasar ƙarƙashi ta zaizaye. Na uku, a shimfiɗa leda mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi, a manne gefunanta, a bar ta kwana guda. In an ɗaga an ga raɓa a jikinta, to, laima na hawowa.

In an ga waɗannan, shafa sabon siminti a kan tsoho ɓarnar kuɗi ce. Tsagar da ke ƙasa za ta sake fitowa a sama. Araha ba ta ado.

Lokacin Aiki

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta tsane, yashi ya bushe, zafin bazara bai sauko ba. Sai dai a yi hattara da iskar hunturu, gama tana busar da fuskar ɗanyen kankare da sauri har ya tsattsage. A toshe ƙofa da taga da buhuna. Wanda tilas ta sa ya yi aikin da damina, ya tanadi leda ko tamfol a kusa, ya rufe yashi da siminti, ya tare bakin ƙofa kada feshi ko kwararar ruwa su taɓa kankaren a yinin farko.

Fasa Tsohon Daɓe

A yayyafa ruwa kafin a sa guduma, a kuma rufe hanci da baki, don ƙurar kankare tana cutar huhu. In an zo jikin bango a yi a hankali, kada a haƙa ƙasa da harsashin gini. Ɓaraguzan ba abin zubarwa ba ne. A farfasa su kada su wuce girman dunƙulen hannu, za su yi amfani wajen ciko. Waɗanda suka sha baƙin mai kaɗai za a yar.

Sa'an nan a duba ƙasar da ke ƙarƙashi, gama nan ciwon ya ke. A kwashe baƙar ƙasa da laka mai laushi, a tone saiwa da kututture, gama in sun ruɓe su kan bar rami. In an sami gidan gara a tone shi duka, a nemi shawarar malamin gona a kan maganin da aka yarda a zuba. Ƙasar laka, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, tana bukatar a ƙara zurfi, a maye gurbinta da marmara.

Tare Ruwan Ƙarƙashi

Gareji mai tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 12, in an yi ruwan inci 1 kawai, rufinsa zai zubo da fiye da lita 550, kusan duro uku ke nan. In duk wannan yana sauka a gindin bango, ƙarƙashin daɓe zai nufa. Don haka a sa indararo, a ja lambatu ya kai ruwan nesa, a gyara ƙasar waje ta gangara daga jikin gini. Fuskar sabon daɓe ta fi ƙasar waje tudu da inci 6.

A zuba marmara kaɗan kaɗan, kada ko wane zubi ya wuce inci 4, a ɗan jiƙa, a daɓe da madaɓi ko inji har dunduniya ta kasa yin shaida. Wanda ya juye ciko gaba ɗaya ya daɓe samansa kaɗai, damina za ta gama masa sauran bayan ya riga ya zuba kankare. A kan marmara a shimfiɗa ɓaraguzai ko tsakuwa inci 4 zuwa 6, a daɓe, don laima ba ta iya hawa ta tsakanin manyan duwatsu kamar yadda ta ke hawa ta cikin ƙasa. A bi da yashi inci 1 ko 2 don ya rufe kaifin duwatsun.

Daga nan sai leda mai kauri. Inda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da inci 6, gefe kuma ya hau jikin bango har ya wuce kaurin daɓen. In ta huje a liƙe. Cikin kayan aikin duka ita ce mai ƙaramin kuɗi, ita ce kuma a kan manta, alhali in an zuba kankare ba sauran hanyar sa ta. Tun ran gini ran zane.

Awo Da Haɗi

Don ƙaramar mota da buhuna, kaurin inci 4 ya isa. Don tarakta ko babbar mota a yi inci 6, a sa ragar ƙarfe. A ɗora ragar bisa 'yan gutsattsarin kankare don ta zauna a tsakiyar kaurin. Wadda aka bari kwance a ƙasa ba ta riƙe kome. A sa daɓen ya gangara zuwa ƙofa, inci 1 cikin ko wace ƙafa 8, watau inci 2 da rabi a garejin ƙafa 20. A kafa turaku a ja igiya, a daidaita su da farin tiyo mai ruwa a ciki.

Haɗin shi ne siminti kashi 1, yashi mai kaifi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Buhun siminti mai kilo 50 ya kan cika kwanon sarki 2, saboda haka buhu guda zai ɗauki kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Garejin nan na ƙafa 20 da 12 zai ci wajen buhu 15 in inci 4 ne, wajen buhu 22 in inci 6 ne. Akawu ko mai gida ya rubuta wannan lissafi tun kafin a fara, ya kuma ƙidaya buhunan da aka zazzage. Simintin da ya yi gudaji waɗanda yatsa ba ya murƙushewa ya sha laima, kada a karɓa.

A gwada yashi. A zuba inci 2 a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye har ya kwanta sarai. In lakar da ta zauna a sama ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci, a wanke yashin ko a nemi wani.

Ruwan Kwaɓi

Nan ne aiki ya fi lalacewa. Buhu guda ba ya bukatar fiye da jarka guda mai lita 25, in kuwa yashin jiƙaƙƙe ne a rage. Ruwan ya zama mai tsabta, irin wanda za a iya sha. Da rana ta yi zafi kwaɓi ya kan yi tauri, leburori su so su ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi. Ruwan da ya yi yawa zai ƙafe ya bar ƙananan ƙofofi a cikin kankaren, ƙarfinsa ya ragu, fuskarsa ta riƙa gari. Kwaɓi mai kyau kamar tuwo mai laushi ya ke, ba kamar kunu ba. Lalle mai aiki ya tsaya da kansa a wurin.

A fara da asuba, a ajiye duron ruwa da tsakuwa a inuwa. Kada a kwaɓa fiye da abin da za a zuba cikin rabin sa'a. A soma daga ƙurya a nufo ƙofa, ana caccakawa da rodi don iska ta fita, a ja da miƙaƙƙen katako. In ruwa ya taso a fuska a jira ya ƙafe kafin a shafe. Kada a barbaɗa busasshen siminti, gama zai ɓamɓare daga baya. A ƙarshe a ja tsintsiya a kai don kada ya yi santsi. Ma'aikata su sa takalmin roba da safar hannu, don ɗanyen siminti yana ƙona fata.

Kankare ya kan tsuke in yana bushewa, kuma tilas ya tsage. Dabara ita ce a zaɓa masa inda zai tsage. Tun yana ɗanye a ja layi mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, watau inci 1 ga daɓen inci 4, a ko wace ƙafa 10. Daga baya a cike layin da kwalta don kada gara da ƙwari su sami mafaka.

Ban Ruwa

Mutane da yawa suna tsammani rana ce ke ƙarfafa siminti. Ba haka ba ne. Siminti yana haɗuwa da ruwa ne ya zama dutse, in kuwa ya bushe da wuri sai ƙarfin ya tsaya nan. Da zarar fuskar ta yi taurin da yatsa ba zai yi shaida ba, a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara ko leda. A riƙa ba shi ruwa safe da rana da maraice, har kwana 7 a ƙalla. A kwana 7 ya kan sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ne a ke lissafin ya cika.

Mutum na iya takawa bayan kwana 2, ƙaramar mota bayan kwana 10, amma tarakta da babbar mota su jira kwana 28. Hatsi kuwa ya fi su bukatar haƙuri, don sabon daɓe ya kan yi watanni yana fitar da laima. Ko ya bushe, kada a ajiye buhu a kansa kai tsaye. A jera katako ko itatuwa a ɗora buhunan bisa, a bar rata tsakaninsu da bango don iska ta ratsa. Takin zamani ma haka, gama wanda ya zube ya jiƙe yana cin siminti. Kada kuma a haɗa abinci wuri guda da man fetur ko maganin feshi.

To, duk wanda zai sake daɓe ya riƙe abu uku: ya kore ruwa daga ƙarƙashi, ya yi rowar ruwa wajen kwaɓi, ya yi kyautarsa bayan an zuba. Wanda ya kiyaye waɗannan, buhunsa na ƙasa zai kai kasuwa tare da na sama. Allah ya sa a dace, amin.