Zaɓen Kwas na Koyon Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Abin Lura ga Matasan Gombe

Gombe — Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, garin Gombe ya tashi daga matsayin cibiyar cinikin auduga da hatsi, ya zama babban birnin jiha mai ma'aikatu da bankuna da manyan makarantu. A yau aikin waɗannan wurare duka ya rataya ne a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Don haka ba abin mamaki ba ne yadda allunan cibiyoyin koyar da ita suka yawaita a unguwanni irin su Tudun Wada da Jekadafari da Pantami, kowace tana alkawarin difloma cikin 'yan watanni.

Kuɗin da ake zubawa a nan sau da yawa kuɗin amfanin gona ne, ko na dabbar da uwa ta sayar, ko adashin da uba ya jima yana jira. In aka yi kuskuren zaɓe, an yi asarar kuɗin, an kuma yi asarar watannin da matashi ya ɓata.

Abu na farko da ke rikita jama'a shi ne, kalmar "koyon kwamfuta" ta ƙunshi abubuwa da dama waɗanda ba darajarsu ɗaya ba a kasuwar aiki. Mafi yawan ƙananan cibiyoyi abin da suke koyarwa shi ne sarrafa na'urar: buga wasiƙa da Word, lissafi da Excel, aika saƙo ta intanet. Wannan ilmi ne mai amfani, amma ya riga ya koma tamkar iya karatu da rubutu. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kan kwamfuta gaba ɗaya, ke nan duk wanda ya shiga jami'a ya taɓa na'urar. Wanda ya tsaya a wannan mataki zai iya samun aikin buga takardu a shago, amma albashin ba ya zuwa ko'ina, domin masu iya hakan sun yi yawa.

Sana'a ta haƙiƙa tana farawa ne daga inda mutum ya ƙware a fanni guda. Akwai gyaran na'ura, akwai haɗa na'urori su yi aiki tare a banki ko asibiti ko cibiyar jarrabawa, akwai rubuta manhaja, da nazarin alƙaluma, da tsaron bayanai. Mai saurin hannu wanda yake son ya fara samun na kashewa da wuri, gyara da haɗa na'urori sun fi dacewa da shi, kuma aikinsu yana nan cikin gari. Rubuta manhaja kuwa tana son haƙuri, da kan lissafi, da Turancin da zai isa mutum ya karanta bayanai da kansa. Amfaninta shi ne mai ita yana iya zama a Gombe ya yi wa kamfanin Legas ko Abuja aiki. Sai dai ba a ƙwarewa a kanta cikin wata uku, duk wanda ya ce za a yi, talla yake yi.

Batun takardar shaida ya fi komai bukatar natsuwa. Digiri na jami'a, kamar na Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 ko Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, yana ƙarƙashin kulawar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa. Difloma ta ƙasa, mai shekara biyu, hukumar NBTE mai hedkwata a Kaduna ce ke tantance ta. Takardar NCE ta Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Gombe tana da tata hukumar. Har ila yau dokar soja mai lamba 49 ta shekarar 1993 ta kafa majalisar CPN domin rajistar masu sana'ar kwamfuta da sa ido kan koyar da ita. Takardar da cibiya mai zaman kanta ta buga da kanta, ta rubuta "difloma" a kai bayan wata shida, ba daidai take da difloma ta ƙasa ba, ko da an ƙawata ta da tambari mai ruwan zinariya. Wanda burinsa aikin gwamnati ko ci gaba da karatu, wajibi ne ya nemi sanin hukumar da ta amince da kwas ɗin, ya kuma tabbatar daga wajen hukumar ita kanta.

Kamfanoni masu zaman kansu sun fi duba abin da mutum ya iya, tare da takardun ƙwarewa na duniya kamar CCNA ta kamfanin Cisco, ko A+ ta CompTIA, dukansu daga Amurka. A nan ma akwai abin lura. Cibiyar da ke gari shirya ɗalibi kawai take yi, jarrabawar dabam ce, da dala ake ƙayyade kuɗinta, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kuɗin ya yi nauyi ƙwarai. Bayan haka, takardun biyu shekara uku suke aiki, sai a sabunta. Ya kamata a tambaya tun farko ko kuɗin kwas ya haɗa da na jarrabawa.

Kafin a biya ko kwabo, ya dace ɗalibi da mahaifinsa ko yayansa su je cibiyar ana tsakiyar darasi, ba tare da sanarwa ba. Gani ya kori ji. Su ƙirga ɗalibai, su ƙirga na'urorin da ke kunne, ban da waɗanda aka jera don ado. Misali, in ɗalibai 20 ne a kan na'ura 5, darasi kuma na sa'a 2 ne, rabon kowa minti 30 ke nan, sauran lokacin kallo ne. Su duba abin da ake yi in an ɗauke wuta: akwai janareta ko hasken rana, ko kuwa malami allo yake komawa yana zana abin da ya kamata a taɓa da hannu? Su nemi ganin aikin da malamin ya taɓa yi da kansa, su kuma nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku su ji inda suke aiki. Ga 'yan mata da matan aure, lokacin darasi da nisan wuri abin tambaya ne, domin ajin da ke kaiwa bayan magariba kan sa a bar karatu a tsakiya.

Akwai kuma hanyoyin da ba sai an biya kuɗin makaranta ba. Hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, wadda kuma ɗan Gombe Farfesa Isa Ali Pantami ya shugabanta daga 2016 zuwa 2019 kafin ya zama minista, ta sha gudanar da horo kyauta. A shekarar 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3, aka fara da rukunin mutum 30,000. Irin wannan horo galibi ta intanet ake bin sa, saboda haka yana bukatar na'ura ta kai da kuɗin data. Iyalin da ƙarfinsu bai kai su yi duka biyu ba, sau da yawa gara su saya wa yaro kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai lafiya, ya bi darussan kyauta, ya kuma zauna a shagon wani gwani yana koyo, da su biya kwas mai tsada ya koma gida ba abin da zai yi bita da shi.

Wanda ya yanke shawarar shiga cibiya mai zaman kanta, ya nemi a ba shi jadawalin darussa a rubuce, ya biya kuɗin kashi-kashi gwargwadon yadda karatu ke tafiya, ya kuma karɓi rasit a kan kowane biya.