Wasiƙa daga kudu

'Ya'yana, ku matso in ba ku labarin wata ƙaura da aka yi a Amurka shekara ɗari da suka wuce, don na lura kwanan nan kuna yawan kallon hotunan filaye a waya kuna lissafi da yatsu.

Tsakanin 1924 da 1925, mutanen jihohin sanyi irin su Ohayo da Mishigan suka riƙa loda iyali da tarkace a motar Ford, suna gangarawa kudu zuwa Fulorida. Jaridun Mayami, wani birni a can, sun yi kauri da tallan filaye, amma a ganina wasiƙun dangi sun fi talla jan mutane. Ƙane ya riga tafiya, ya rubuto wa yayansa cewa can babu ƙanƙara, lemu sai wanda ka zaɓa, filin da ya saya watan jiya har ya ninka kuɗinsa. Wa zai ƙaryata ɗan uwansa? Sai a sayar da gona ko shago, a bi sahu.

Kuma ƙanen nan gaskiya ya faɗa, gwargwadon abin da ya gani a ranar. Ga yadda cinikin yake: ka ba da kafin alƙalami, kashi 10 cikin ɗari, a miƙa maka takarda, sauran biya sai bayan kwana 30. Kafin wa'adin ya cika ka sayar wa wani takardar da riba. Takarda ɗaya kan bi hannu da yawa a yini guda, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa taka filin cikin masu riƙe ta. Wasu filayen ma fadama ce, ruwa kwance a kansu. Gari ya cika da dillalai, masu niyyar gini 'yan kaɗan.

A ƙarshen 1925 cunkoso ya sa kamfanonin jirgin ƙasa suka dakatar da dakon kayan gini. A Janairun 1926 jirgin ruwan Prinz Valdemar ya kife a bakin tashar Mayami, ya toshe hanya makonni. Masu saye suka fara ja da baya. Ranar 18 ga Satumba 1926 kuma guguwa ta afka wa birnin, ta ƙarasa abin da ya rage.

Ku lura da wasiƙun nan. Wanda ya ci riba, a daren ranar zai ɗauki alƙalami. Wanda ya yi asara kuwa sai kunya ta kama hannunsa, musamman idan shi ya kira dangi su zo. Sai wasiƙa ta gajarce, ta koma gaisuwa da tambayar lafiyar yara, na gida kuma suna ta haɗa kaya da tsohon labari.

Ban ce kada ku fita nema ba. Ni ma cirani ya kai ni Ikko ina saurayi, kuma Mayamin ba ta mutu ba: a ƙidayar 1930 mutanenta sun haura dubu 110. Roƙona kawai, idan ɗan uwa ya aiko muku hoton fili, ku yi masa godiya, sannan ku tambaye shi nawa yake biyan haya, kuma da wace sana'a yake cin abinci. Kada ku ba da ko kwabo sai kun je kun tsaya a kan filin da ƙafarku, kuma ku je da damina.