Darasin Wata: Yadda Ake Haɗa Wa Tsohuwar Mota Fankar Lantarki

Jama'a, darasinmu na wannan wata ya shafi direbobi da yaran mota. Tun 1975 aka fara harhaɗa motar Fijo a Kaduna. Har yau akwai tsofaffin 504 da ke kai mu kasuwannin ƙauye. Babban ciwonsu shi ne zafin inji.

Ga dalili. A yawancin tsofaffin motoci, inji ne ke juya fanka da bel. In mota ta tsaya a cunkoso, ko tana jan kaya a hankali, fankar ba ta juyi da ƙarfi. Sai ruwan lagireto ya tafasa. In aka yi sake, kan inji ya lanƙwashe, abincin gida ya tsaya. Fankar lantarki kuwa daga batir take samun wuta, ko mota na tsaye tana hurawa.

Kayan aiki su ne fanka mai bolt 12, da waya mai kauri, da fiyus mai amfiya 30, da makunnin zafi, da rile. Rile ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu: 30, 85, 86 da 87. Fanka na jan wuta da yawa. Rile ne ke ɗaukar wannan nauyi, don kada wayar makulli ta ƙone.

Ga yadda ake haɗawa:

1. Cire kan batir mai alamar debewa.
2. Ɗaure fanka a jikin lagireto.
3. Ja waya mai kauri daga kan batir mai alamar tarawa zuwa ƙafa 30. Sa fiyus kusa da batir.
4. Haɗa ƙafa 87 da wayar fanka ɗaya. Ɗaure ɗayar a ƙarfen mota, bayan ka kankare fenti.
5. Haɗa ƙafa 86 da wayar da ke kawo wuta sai an murɗa makulli.
6. Haɗa ƙafa 85 da makunnin zafi, shi kuma ya tafi ƙarfen mota.

Yanzu mai da kan batir, ka tada mota. In ruwa ya yi zafi, makunnin zai kunna fanka da kansa. Sa 'yar takarda a gaban lagireto. In iska ta manne ta, aiki ya yi. In ta ture ta, fanka na juyi a baibai ne, sai a sauya wayoyinta biyu.

A kula. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Kada a sa hannu kusa da fanka, don tana tashi ba sallama. In fiyus ya ƙone, kada a cusa waya a madadinsa. Haka motoci ke kamawa da wuta. Wanda bai saba ba ya nemi riwaya ya duba masa, har da ƙarfin cajin motar.

Tambayoyi:
1. Me ya sa tsohuwar mota ke zafi in tana tsaye?
2. Mene ne aikin rile?
3. A ina ake sa fiyus?